Tsohon lensi mai noƙewa a kyamara marar madubi: wane waigi ya fi dacewa?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon lensin nan Elmar 5cm f/3.5 ya san abin da ke jan mutane gare shi. Ka kama kansa da yatsu biyu ka ja, wuyansa na kurom ya zaro, ka ɗan murɗa dama ya kulle. In ka gama ɗauka ka murɗa hagu ka tura, sai ya noƙe kamar kunkuru, kyamara ta shige aljihun riga. Max Berek ne ya tsara shi wa kamfanin Leitz na Wetzlar a Jamus, kuma ƙannensa suka biyo sawu: Summar a 1933, Summitar a 1939, Summicron mai noƙewa a 1953. Tarayyar Sobiyet ta yi nata, Industar-22 da Industar-50, Canon kuma ta yi Serenar 50mm f/1.9.

Dukkansu suna hawa kyamarorin zamani marasa madubi da adafta mai araha, wato zoben da ke haɗa bakin lensi da na kyamara, kuma suna ba da hoto mai laushin da lensin zamani ba ya bayarwa. Matsalar ɗaya ce. Wuyan nan da yake noƙewa, cikin kyamara yake shiga. A tsohuwar kyamarar fim wurin fili ne, babu komai sai labulen shata, wanda ke buɗewa haske ya shiga yayin ɗauka, can baya. A kyamarar yau wurin ya cika da kaya masu tsada: fil-fil ɗin lantarki da ke magana da lensi, firam ɗin filastik da ya kewaye sensa (allon da ke karɓar hoto a madadin fim), ganyayen shata da ba su kai kaurin takarda ba, gilashin kariya, sannan sensa kanta, wadda a kyamarori da yawa take lilo a kan na'urar hana girgiza. Kamfanin Leica da kansa, magajin Leitz, a littafin kyamararsa M9 ta 2009, ya ce kada a noƙar da irin waɗannan lensi a cikin kyamarar, sai Macro-Elmar-M 90mm f/4 kaɗai ya cire, domin wuyansa ba ya kutsawa ciki.

Hanyoyin kariya shida ake yawan ambata, kuma ba ɗaya suke ba.

Abin da za a duba

Na farko kuma mafi girma, in an buge kan lensin da ƙarfi, ko an danne shi a jaka, abin zai tsayar da wuyan ko zai saki? Sai kuɗi. Sai ƙarko, musamman a zafi da zufa. Sai sauƙin sakawa da cirewa, domin wasu suna juya lensi ɗaya tsakanin kyamarar fim da ta zamani. Sai lafiyar lensin kansa: kurom ɗin wuya da kyallen gashin da yake goga a kai sun haura shekara sittin, duk abin da zai bar gam ko ƙarzuwa asara ne. Na ƙarshe, nawa ne zai rage na noƙewar, tunda ita ce dalilin da ya sa mutum ya so lensin tun farko.

Awo kafin komai

Akwai wani kuskure da ya yaɗu: wai adafta mai kauri tana nufin fili mai yawa. Ba haka ba ne. Lensi mai bakin murɗawa na L39 an yi shi ya zauna milimita 28.8 daga fim, mai bakin M na Leica kuma 27.8. Aikin adafta shi ne cike giɓin da ya rage. Nikon Z tana da 16 daga bakinta zuwa sensa, don haka adaftarta ta L39 tana da kaurin 12.8. Fujifilm X 17.7 ce, adafta 11.1. Sony E 18, adafta 10.8. Micro Four Thirds 19.25, adafta 9.55. Canon RF da bakin L na kyamarorin Leica da Panasonic na zamani duka 20 ne, adafta 8.8. Ko wacce ka haɗa, jimilla 28.8 ce. Abin da ya bambanta shi ne kayan da aka jibge cikin wannan tazara.

A kyamarori masu ƙaramar sensa, irin su Fujifilm X da Micro Four Thirds da Sony masu APS-C, wuyan yakan ci karo da firam ɗin da ya kewaye sensa tun kafin ya yi nisa, saboda tagar ƙarama ce. A masu cikakkiyar sensa tagar tana da faɗi, wuyan yakan wuce salin-alin, to amma abin da ke jiransa gaba shata ce. Kuma wasu kyamarori, kamar Canon EOS R5 da R6, suna sauke labulen shata da zarar an kashe su don kare sensa daga ƙura. Sony A7 IV ma tana da wannan zaɓi a cikin saitinta. Ke nan lokacin da mutum ya kashe kyamara zai tura lensi ya sa a jaka, lokacin ne abu mafi rauni yake tsaye a gaba.

Shi ya sa maganar "na gwada a tawa, ba ta taɓa komai ba" ba hujja ba ce. Tsawon wuyan Industar-22 na wata shekara ba lallai ya zo daidai da na wata ba, adafta kuma kowane kamfani da faɗin raminsa.

Ga yadda ake awon ba tare da an cusa komai cikin kyamara ba:

1. Cire adafta daga kyamara, ka ɗaura mata lensin a kan tebur.
2. Mayar da fokas kan alamar ∞, wato ta abu mafi nisa. A nan ne jikin lensin yake komawa baya iyaka, don haka awon da aka yi a mita ɗaya zai yaudare ka.
3. Saki kulli, ka tura wuyan a hankali har gindinsa ya yi daidai da ƙarshen haƙoran adafta na baya. Ɗora rula a kwance a bayan adaftar, in wuyan ya taɓa ta ka tsaya.
4. Auna abin da ya rage na wuya a waje, tsakanin kan lensi da mazauninsa. Ƙara milimita 1. Wannan shi ne tsayin waigin da kake bukata.

Ka'idar ita ce kada gindin wuya ya wuce jikin adafta. Za a iya samun kyamarar da ke da sauran fili bayan haka, amma milimita uku ko huɗun da za a ci riba ba su kai kuɗin canja shata ba.

Lokacin da kake wannan, duba wani abu. A gindin wuya akwai 'yan kunnuwa da suke kulle shi, kuma sun fi wuyan faɗi. In suna gogar cikin adafta za ka ga farin layi a kan baƙin fenti. Wannan garin fenti da na tagulla kan sensa zai sauka. Adaftar da ke haka a canja ta, ko a hana noƙewar gaba ɗaya.

Barin shi a miƙe, a dogara da tunawa

Ba a kashe ko kwabo, ba a taɓa lensi. In kullin yana da ƙarfi kuma a ɗaki ɗaya ake aiki, kyamara a kan ƙafa uku, ana iya tafiya haka. Amma kullin waɗannan lensi murɗawa ce 'yar kaɗan, kuma a Summitar da Summicron zoben ƙofar haske a kan lensin yake. In maiƙonsa ya bushe ya yi tauri, garin juya shi sai ka kwance kullin ba ka sani ba. Haka wajen cire marfi ko murɗa filta. Daga nan abin da ya rage kawai a jingina kyamara da ƙirji. Akwai kuma hannun wani: duk wanda aka miƙa wa lensi mai zamewa, abu na farko da zai yi shi ne ya tura ya gani. A ganina wannan ba kariya ba ce, jiran ranar tsautsayi ne.

Zoben roba

Ita ce hanyar da ta fi shahara, kuma da dalili: kuɗinta kaɗan ne, cikin minti biyu an gama, ba ta barin gam. Ana neman zoben da raminsa ya gaza kaurin wuya da milimita 1 zuwa 2, kaurin robarsa kuma 2.5 ko 3. A miƙa shi ta kan lensi, da marfi a rufe, domin gilashin gaba na Summitar da Summicron mai noƙewa yana da saurin ƙarzuwa, farce ma yana iya yi masa tabo. Sai a jera zobba har su cika tsayin da aka auna.

Rauninta yana cikin siffarta. Zobe zagayayye ne kuma yana matsuwa. In waigin da ake bukata milimita 12 ne, zobba huɗu ke nan a jere, kuma da an danna da ƙarfi sai ɗaya ya hau kan ɗaya, tsayin ya ragu da milimita uku nan take. Siririn zobe kuma yakan cusa kansa tsakanin wuya da mazauni ya maƙale. Maganin wannan shi ne a yi amfani da masu kauri, a ƙara ɗaya bisa lissafi, sannan a gwada a kan tebur: a danna da tafin hannu iya ƙarfin da jaka za ta danna, a ga ko gindin ya taɓa rula.

Silikon ya fi baƙar roba daɗewa. Robar ɗaure kuɗi da ta ɗaure gashi kuwa a bar su: ta farko tana narkewa ta manne a zafi, tana kuma dusar da tagulla inda kurom ya goge, ta biyu kuma laushinta ya yi yawa, ba ta tsayar da komai.

Tef

Wannan dabara tana da asali. Leica M5 ta 1971 tana da ma'aunin haske a kan wani ɗan hannu da ke tsayawa gaban shata, kuma lensi mai noƙewa yana iya murƙushe shi. Leitz ta shawarci masu ita su naɗa tef ɗin Dymo, irin mai taurin nan da ake buga suna a kai, mai faɗin milimita 9.5 ga yawancin masu 50mm. Hikimar tana cikin taurin: gefen tef ɗin yana tokarar mazauni kamar bango, ba ya lanƙwashewa.

Abu biyu za a kiyaye. Wancan 9.5 na M5 ne, ba na kyamararka ba, naka faɗin daga awonka zai fito. Sannan ba kowane tef ne tef ba. Baƙin tef na masu wayarin shi ne mafi muni: gam ɗinsa yana narkewa, tef ɗin ya zame, wuya ya kwashi gam ya kai cikin kyallen gashin mazauni. Daga nan lensi ya dinga cijewa, kuma sai an kwance shi kafin a wanke. Salatif ma haka, ga shi siriri, yana shigewa ramin tare da wuyan. In za a yi, a goge wuyan da ɗan sifirit a auduga ya bushe, a naɗa mai tauri a saman wuya daf da kai, zagaye biyu in ɗaya bai yi kaurin da zai tokare ba. A duba shi duk bayan 'yan watanni.

Yana tsarewa fiye da zoben roba, amma ba abin cirewa kullum ba ne. Wanda ke son lensin ya noƙe duka a kyamarar fim ran Asabar, ya koma ta zamani ran Litinin, zai gaji.

Ƙawanyar filastik mai tsaga

A nan ne nake ganin amsar take ga mafi yawan mutane. Guntun bututun filastik ne, a yanka shi daidai tsayin da aka auna, a tsaga shi ta tsaye a cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kewayensa, ya zama kamar harafin C. Ana danna shi a wuya ya kama ƙas, ana zare shi da babban yatsa. Ba gam, ba matsuwa, ba mirginawa. In aka buge kan lensi, ƙarfin yana bi ta ƙawanya ya sauka a mazauni da adafta, ba ya isa cikin kyamara.

Ramin bututun ya gaza kaurin wuya da kamar rabin milimita don ya riƙe. Kaurin bangonsa 1.5 zuwa 2 ya isa. Bakunan biyu su zama a miƙe sosai, domin in ɗaya ya karkace zai dinga tura kan lensi gefe. A bi duk gefunan da lallausar sanfefa, a wanke garin, a kuma liƙa siririn kyalle ko tef ɗin takarda a cikin ƙawanyar, ba a jikin lensi ba, don kada ƙura ta shiga tsakani ta ƙarje kurom. Mai firinta ta 3D ya buga da filastik irin PETG. Irin PLA tana laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin mota a rana yake kaiwa, kuma da ta yi laushi sai ta buɗe ta faɗi.

Ana iya yin guda biyu. Gajera, mai tsayin da aka auna, tana barin ɗan noƙewa don sakawa a jaka. Doguwa, mai cike wuyan duka, tana mayar da lensin tamkar kafaffe: ko kulli ya kwance ba inda zai je, kuma tana rage girgiɗin tsohon wuyan da ya saki, wanda shi ne ke sa gefe ɗaya na hoto ya fito tar ɗaya ya yi hazo. A Elmar f/3.5 da Industar-22 ɗan kunnen ƙofar haske a fuskar lensi yake, ƙawanya ba ta dame shi ba. A Summitar da Summicron sai a rage rabin milimita don kada ta dinga gogar zoben.

Aibinta a bayyane yake: sai an yi aikin hannu, kuma ta farko da wuya ta zo daidai. Tana kuma ɓoye ƙyallin wuyan, ga wanda kyan gani ya dame shi.

Adafta mai miƙewa

Wasu suna sayen adafta mai zoben kusanto da fokas, kamar VM-E ta Voigtländer da ke ƙara milimita 4, da tunanin in an miƙe ta an samu fili. Tana da amfani sosai, amma a wani fanni: waɗannan lensi yawanci ba sa fokas ƙasa da mita 1, ita kuma tana kusanto da su. A matsayin kariya ba ta da tabbas, domin duk lokacin da ka ɗauki abu mai nisa sai ka mayar da ita sifili, kuma ka koma dogaro da tunawa. Adaftoci masu ɗan inji a ciki, da ke yin fokas da kansu, sun fi haɗari: suna tura lensi gaba da baya ba tare da sun tambaye ka ba, wani lokaci da zarar an kunna kyamara. Da irin wannan adafta, doguwar ƙawanya dole ce.

Sake lensi, a nemi kafaffe

Wani lokaci wannan ne mafi sauƙi. Industar-50 yana da kafaffen samfuri mai bakin L39, gilasai huɗu a rukuni uku kamar mai noƙewar. A kula kawai kada a ɗauko na kyamarar Zenit, wanda shi ma bakinsa milimita 39 ne amma tazararsa 45.2, zai murɗu lafiya amma fokas ba zai zo ba. Summicron ya samu kafaffe a 1956, sai dai ya fi tsada. Jupiter-8 da Canon 50mm f/1.8 ma suna nan. Wanda kuma yake son murɗaɗɗen bayan hoton nan na Summitar, ba shi da madadi, sai ya yi masa waigi.

Kafaffe ma ba duka ne lafiya ba. Jupiter-12 35mm f/2.8 ba ya noƙewa, amma gilashinsa na baya ya kumburo ciki sosai, kuma yana karo da kyamarori da yawa.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari ga kyamara | Haɗari ga lensi |
|---|---|---|---|---|---|
| Tunawa kawai | Babu | Babu abin lalacewa | Mai sauƙi | Babba | Babu |
| Zoben roba | Kaɗan | Matsakaici, silikon ya fi | Mai sauƙi ƙwarai | Matsakaici | Kaɗan |
| Tef mai tauri | Kaɗan | Mai kyau, sai ana dubawa | Sakawa sauƙi, cirewa wuya | Kaɗan | Gam |
| Ƙawanyar filastik | Kaɗan | Mai kyau ƙwarai | Sai an yi aiki sau ɗaya | Mafi ƙanƙanta | Ƙarzuwa in ba a sa kyalle ba |
| Adafta mai miƙewa | Mai yawa | Mai kyau | Mai sauƙi | Babba in ita kaɗai ce | Babu |
| Kafaffen lensi | Daga kaɗan zuwa mai yawa | Mai kyau ƙwarai | Ba wani aiki | Babu, in gilashin baya bai kumburo ba | Babu |

Abin da bai canjawa ko wacce aka zaɓa

A ɗaura lensi kuma a cire shi yana miƙe a kulle, domin wajen ɗaurawa hannu yakan karkace, gindin wuya ya doki fil-fil ɗin lantarki. Kada a kunna kyamara ko a danna maɓalli yana noƙe. Sauya zuwa shata ta lantarki ba ya wadatarwa, tunda wasu kyamarori suna motsa labulen wajen kunnawa da kashewa. In an tura aka ji ya tokari wani abu, a tsaya, kada a ƙara ƙarfi. Kowace turawa famfo ce, tana hura ƙurar tsohon kyalle zuwa sensa, don haka a hure bayan lensin da famfon roba kafin a ɗaura. A duba kuma maɓallin kullin ∞ na Elmar da Industar: a wasu adaftoci masu faɗin leɓe yana tokarewa, fokas ya ƙi sakuwa ko ya ƙi kaiwa ƙarshe. A cikin saiti a kunna izinin ɗauka ba tare da lensi ba, a kuma rubuta wa na'urar hana girgiza 50mm da hannu.

Wa ya dace da wacce

Wanda ya sayo lensin yau yana ɗokin gwadawa, ya sa zoben silikon masu kauri, ya danna su a kan tebur ya tabbatar, kafin ya samu sukunin yin ƙawanya. Mai Fujifilm X ko Micro Four Thirds ko Sony mai ƙaramar sensa ya yi doguwar ƙawanya ya manta da noƙewa, ribar da zai samu ba ta taka kara ta karya ba. Mai cikakkiyar sensa da ke yawo da kyamara a ƙaramar jaka, gajerar ƙawanya bisa awon adaftarsa. Mai juyawa tsakanin fim da zamani, ƙawanya ce tasa, domin ita kaɗai ake cirewa cikin daƙiƙa ɗaya a mayar. Wanda lensin zai zauna a kyamara ɗaya shekara da shekaru kuma ba ya son aikin yanka, tef mai tauri ya ishe shi. Mai lensi mai daraja da yake tunanin sayarwa wata rana ya guji duk abin da ke da gam. Mai ɗaukar taro ko bidiyo, da kyamara ke wucewa hannu zuwa hannu, ya nemi kafaffe, ya ajiye mai noƙewar don ranar da shi kaɗai zai riƙe ta.